ZAUREN IYALI: Idan Motoci Suka Tashi, Wa Zai Gaji Filin?

Batun da muka ɗauko a wannan fitowa batu ne na ƙasa, wato filayen nan da motoci suke kwana a kansu a tsakiyar Adjamé da Treichville, alhali mutanen da suke yi wa motocin hidima, da masu saye da sayarwa a gefensu, sai sun sha doguwar tafiya kafin su isa inda za su sa haƙarƙarinsu. Duk mai lura da yadda Abijan take sauyawa ya san waɗannan filaye ba za su dawwama a yadda suke ba. Ko ba jima ko ba daɗe motocin za su tashi. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, ranar da suka tashi, wa zai gaji wurin?

Lissafin mota da na mutum

Bari mu fara da ɗan lissafi wanda kowane ɗan makaranta zai iya bi. Ƙaramar mota guda, idan aka ajiye ta, tana cin wuri mai tsawon mita 5 da faɗin mita 2 da rabi, wato murabba'in mita 12 da rabi. Wannan kuwa shi ne kusan girman ɗakin nan da ake kira “entrer-coucher”, wanda a gidajen haya da yawa miji da mata da 'ya'yansu suke cunkushe a cikinsa. In an haɗa da hanyar shiga da fita, motar tana buƙatar ninki biyu na haka. Ke nan hekta ɗaya, mai murabba'in mita 10,000, ba za ta ɗauki fiye da ƙananan motoci 400 ba.

To, a ɗauki wannan hektar a bar kashi 60 cikin 100 nata don tituna da tsakar gida da wurin wasan yara, a yi gini a kan sauran murabba'in mita 4,000. Hawan ƙasa ya zama shaguna da rumbunan ajiya, a ɗora hawa huɗu na gidaje a sama. Za a sami murabba'in mita 16,000 na zama. A cire kashi ɗaya cikin biyar don matakala da baranda, a ba kowane iyali murabba'in mita 60, sai ga gidaje sama da 200. In kowane gida yana da mutum biyar, rai 1,000 ke nan a wurin da a da ƙarfe 400 ne yake kwana, ga kuma kasuwa a ƙarƙashinsu.

Wannan lissafi yana da nauyi saboda abin da nisa yake ci a aljihun talaka. A rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2019 a kan zirga-zirga a Abijan, an nuna cewa iyalai mafi ƙarancin hali suna kashe kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na abin da suke samu a kan kuɗin mota, suna kuma ɓatar da kimanin minti 200 kowace rana a cikin mota ko wajen jiranta. Minti 200 ya haura awa uku. Awa ukun nan daga ina ake yanko su? Daga barcin uba, daga lokacin da uwa za ta duba karatun ɗanta, daga zaman da iyali za su yi su ci abinci a kwano ɗaya. Yaron da ubansa yake fita kafin asuba, ya dawo bayan lisha, titi ne yake yi masa tarbiyya.

Ƙidayar jama'a ma tana da abin faɗa. A 2014 birnin Abijan yana da mutum kimanin miliyan 4.4, a 2021 ya kai kimanin miliyan 5.6. Amma a daidai wannan tsakani mazauna Adjamé sun ragu daga kimanin 373,000 zuwa kimanin 341,000, Treichville kuwa da kyar ta motsa, tana nan a ɗan sama da 100,000. Birni yana ƙaruwa, cikinsa yana ramewa. Da rana Adjamé ba masaka tsinke, da dare kuwa an watse zuwa Abobo da Anyama da Yopougon da Port-Bouët.

Yadda unguwannin suka samo asali

Ba haka aka faro ba. Lokacin da Turawan Faransa suka mai da Abijan babban birnin mulkinsu a farkon shekarun 1930, sun keɓe wa kansu Plateau, suka bar wa baƙar fata Adjamé a arewa da Treichville a kudu, a ƙetaren ruwa. Adjamé tsohon mazaunin Ebrié ne, masu ƙasar. Treichville kuwa ta sami sunanta a 1934 daga wani Bafaranshe mai suna Treich-Laplène, aka yanka ta layi-layi da lambobi, kamar yadda muke faɗin “avenue” kaza “rue” kaza har yau. Layin dogon da aka fara a 1904 da sunan Abijan zuwa Nijar, wanda ya tsaya a Wagadugu a 1954 bai taɓa isa Nijar ɗin ba, shi ya riƙa kwararo mutanen arewa. Da aka fasa mashigin Vridi a 1950, tashar jiragen ruwa ta buɗe a 1951, sai aiki ya yawaita, baƙi suka ƙaru. Cikinsu har da kakanninmu, fataken goro da na shanu da na albasa, da masu gasa nama. Har abincin nan na garba da duk Abijan take ci, ana danganta sunansa da mutanenmu da suka yi fice wajen sayar da shi.

Abin lura a nan shi ne, a wancan zamani wurin aiki da wurin kwana ba su rabu ba. Gidan haya mai tsakar gida ɗaya, shago a ƙofarsa, tela a zaure, makarantar allo a gindin bango, kasuwa da masallaci duk tafiyar ƙafa ce. Bayan samun 'yancin kai gwamnati ta kafa kamfanin SICOGI a 1962 da SOGEFIHA a 1963, suka gina dubban gidaje don ma'aikata. Unguwar 220 Logements ta Adjamé shaida ce cewa an taɓa gina benaye a tsakiyar gari don masu matsakaicin hali. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, gwamnati ta janye hannunta daga gini, motoci kuwa suka yi ta ƙaruwa. Gbaka da woro-woro da manyan motocin zuwa ƙauyuka da ƙasashen maƙwabta suka mamaye duk wani sarari da suka samu, tun daga babbar tashar Adjamé har tashar Bassam ta Treichville.

Abin da ke tafe

Yanzu kuma guguwar ta juya. A 2013 aka aza harsashin sabuwar babbar tasha ta zamani a Adjamé, ko da yake aikin ya sha tafiyar hawainiya. A watan Nuwamba na 2017 aka ƙaddamar da aikin jirgin ƙasa na cikin gari, mai tsawon kilomita 37 daga Anyama zuwa Port-Bouët, wanda hanyarsa ta ratsa Adjamé da Treichville duka biyu. A watan Janairu na 2024 aka buɗe gada ta huɗu da ta haɗa Yopougon da wannan ɓangare na gari, a cikin shekarar kuma aka ƙaddamar da aikin layin manyan motocin safa masu hanyarsu ta kansu daga Yopougon zuwa Bingerville. Duk inda tashar jirgi ta sauka, darajar ƙasar da ke kewaye da ita tashi take yi. Filin da jiya ba wanda ya kula da shi sai 'yan kamasho da masu wankin mota, gobe masu manyan jakunkuna ne za su yi layi a kansa.

Shekarar 2024 ta kuma nuna mana yadda sauyi yake zuwa idan ya zo da gaggawa. A watannin farkonta hukumar gundumar Abijan ta rushe gidaje a Gesco da Boribana da Banco 1, daga baya aka bi da unguwar Abattoir ta Port-Bouët, bisa dalilin kauce wa ambaliya da zaftarewar ƙasa da kuma gyaran gari. Dubban iyalai suka wayi gari a sarari. A watan Maris gwamnati ta yi shelar tallafin sefa 250,000 ga kowane iyalin da abin ya shafa. A watan Afrilu aka hana talla a manyan tituna da tura amalanke. A watan Yuli katafila ta shiga Adjamé-Village don faɗaɗa hanyar da ta dangana da gada ta huɗu, har aka yi arangama. Ba mu musun cewa zama a bakin kwari haɗari ne, ko cewa birni yana buƙatar hanyoyi. Abin da muka gani dai shi ne, wanda ba ya cikin shawara tun farko, labari kawai yake ji ranar da katafila ta iso. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Darasi daga maƙwabta

Abin da muke hange ya riga ya faru a wasu biranen. A Dakar, a 2014, an rufe tsohuwar tashar Pompiers da ke bakin tsakiyar gari aka mai da motocin Baux Maraîchers a Pikine. A Akra, a watan Yuli na 2021, an tashi 'yan albasar Agbogbloshie, waɗanda da yawansu mutanenmu ne, aka kai su Adjen Kotoku, can bayan gari. A duka biyun an sami sarari a cikin birni, masu ƙaramin ƙarfi kuma su suka ɗauki nauyin nisan.

Kano ta ba da darasi na wani fannin. An yanka gefen Filin Idi an gina shaguna a zamanin wata gwamnati, 'yan kasuwa suka saya da kuɗinsu, sai gwamnatin da ta biyo baya ta rushe su a watan Yuni na 2023, magana ta kai kotu. Ko wane ɓangare mutum ya goyi baya, abu ɗaya ya fito fili: filin jama'a idan aka raba shi ba da yardar jama'a ba, wanda ya saya ma ba ya barci da ido biyu rufe.

Unguwar da muke nufi

Masana tsara birane a yau suna yawan yabon unguwar da ta haɗa gidaje da shaguna da makaranta da wurin sana'a a wuri guda. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, sunansa zango. Sabon Zongo na Akra, wanda Malam Bako ya kafa a farkon ƙarni na 20, da Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916, duk a kan wannan tsari suka tashi. Maigida yana da masaukin baƙi, yana da rumbun ajiye kayan fatake, yana sasanta mai saye da mai sayarwa, iyalinsa kuma suna cikin gida. Abin da ya sauya shi ne ƙasa ta yi tsada, dole zangon yau ya miƙe sama maimakon ya bazu.

Saboda haka idan an tashi sake fasalin wani filin tasha, ga abin da muke ganin ya dace a nema. Hawan ƙasa ya zama na sana'a, da shaguna ƙanana waɗanda mai tebur zai iya kama haya, da rumbuna masu shan iska don albasa da goro, da wurin sauke kaya wanda ba zai toshe titi ba. A bar wa motoci wani yanki mai tsari, domin unguwar da ba a shigarta ba a fitarta kasuwarta mutuwa take yi. Gidajen sama su zama iri-iri, daga ɗaki ɗaya na saurayi mai neman na kansa zuwa ɗaki uku na mai iyali, kada bene ya wuce hawa huɗu ko biyar, don kada tsofaffinmu su dogara da na'urar hawa da ke tsayawa duk ranar da wuta ta ɗauke. A yi tsakar gida wadda mata za su yi girki da shanya cikin sutura, yara su yi wasa a gaban idonsu. A yi zaure na taron suna da ɗaurin aure da zaman makoki, a keɓe wurin ibada da aji na karatu da ɗakin shan magani. A kuma fara da magudanar ruwa kafin a ɗora bulo, domin duk wanda ya yi damina ɗaya a Abijan ya san aikin ruwan watan Yuni.

Sharaɗin da ya fi duka muhimmanci shi ne a rubuta, tun kafin a miƙa filin ga mai gini, cewa wani kaso sananne na gidajen da shagunan na masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma waɗanda suke cin abinci a wurin tun da su ne a gaba. Alkawarin baka ba ya tsallake ranar buɗe gini.

Wa zai riƙe ƙasar?

A nan ne gizo yake saƙa. Shirin gidaje masu rahusa da gwamnati ta fara a farkon shekarun 2010 ya gina gidaje a wurare irin su Songon da Bingerville da hanyar Grand-Bassam, inda ƙasa take da araha, wato nesa da inda talaka yake neman abinci. Kuma gidajen na sayarwa ne. Mafi ƙarancin albashi a Kwaddibuwa ya koma sefa 75,000 a wata, jika 75 ke nan, daga Janairun 2023. A ƙaddara gida ya tsaya a kan miliyan 10: mai wannan albashi sai ya tara shi cif, bai ci ba bai sha ba, na sama da shekara 11. Mai turin kaya da mai sayar da shayi kuwa ba su da takardar albashin da banki yake nema. Ko haya ma, dokar 2018 ta ƙayyade kuɗin gaba wata biyu da na ajiya wata biyu, amma kowa ya san abin da mai neman ɗaki yake tararwa idan masu nema sun fi ɗakunan yawa.

Akwai kuma wata matsalar. Gidan da aka sayar wa talaka da rahusa a wuri mai daraja, bayan 'yan shekaru wata larura za ta sa ya sayar wa mai kuɗi, rahusar ta tafi ke nan har abada. Maganin da wasu suka samo shi ne a raba ƙasa da ginin da ke kanta. A garin Burlington na Amurka, a 1984, hukumar gari ta ba da dala 200,000 aka kafa wata ƙungiyar amana da take riƙe ƙasa ba ta sayarwa. Iyali suna sayen ginin kawai, in sun tashi sayarwa kuma akwai iyakar ribar da za su ɗora, don mai zuwa bayansu shi ma ya samu da sauƙi. Birnin Brussels na Beljiyam ya ɗauki irin wannan tsari a 2012.

Duk wanda ya yi karatun fiƙihu zai ce ai wannan ɗan'uwan wakafi ne, kuma gaskiyarsa. Asalin wakafi shi ne a tsare dukiya, ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta, amfaninta kawai ake ci, kamar yadda Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi da gonarsa ta Haibara. Mun saba jin wakafi a kan masallaci da maƙabarta da rijiya, alhali a biranen Musulmi na da har shaguna da masaukai da gidajen haya ake yi wa wakafi. A Singafo, a farkon shekarun 2000, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar ta sake gina wani tsohon wakafi a titin Bencoolen, aka fitar da masallaci da shaguna da benen gidajen haya a fili ɗaya, kuɗin hayar yana komawa ga wakafin. Gidajen can na masu hali ne, mu dabarar kawai muke so mu ara: hayar shagon ƙasa ta sauƙaƙa hayar ɗakin sama. A kusa da mu, Senegal ta yi dokar wakafi a 2015 ta kuma kafa masa hukuma. Ga wanda yake son wata hanyar, dokar OHADA ta ƙungiyoyin gama kai, wadda aka amince da ita a Lome a watan Disamba na 2010, tana aiki a Kwaddibuwa, kuma a ƙarƙashinta jama'a suna iya haɗa kuɗi su yi rajista su mallaki dukiya da sunan ƙungiya.

Masu ja da maganar

Wani zai ce, tasha fa ita ce gonar dubban mutane: direba da yaron mota da ɗan kamasho da mai faci da mai tuwo da mai ɗaukar kaya. In an gina gidaje a kanta, ina za su? Wannan magana ce mai ƙarfi, kuma ita ta sa muka ce a bar wa sufuri yankinsa, a kuma ƙidaya masu sana'ar wurin da sunayensu kafin a taɓa komai. Amma mu tuna, zaɓin da ke gabanmu ba tsakanin tasha da gidaje yake ba, domin tashin tashar ba a hannunmu yake ba. Zaɓin yana tsakanin ginin da ya yi da su da ginin da ya kore su.

Wani kuma zai ce, mu baƙi ne, ina ruwanmu da tsarin garin mutane? Amsa ita ce, da yawa daga cikinmu a nan aka haife su, a nan aka haifi iyayensu, 'yan ƙasa ne da takardunsu. Wanda ba ɗan ƙasa ba ma yana biyan haya da harajin kasuwa. Sai dai hikima ita ce kada mu nemi unguwar Hausawa zalla. Buƙatar ɗaki kusa da wurin aiki ta haɗa mu da Bajule da Baule da Bete da Mosi, Musulmi da Kirista, ta kuma haɗa mu da Ebrié masu ƙasa, waɗanda su ma suka ɗanɗana rusau. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku zai ce, gidan tarayya ba ya ƙarko, kowa sai ya zuba wa ɗan'uwansa ido har rufi ya zube. Wannan ma mun gani a tsofaffin benaye da dama na garin nan, inda matakala ta yi duhu, bututu ya fashe, aka rasa mai gyarawa. Maganinsa a sa kuɗin gyara cikin haya tun ranar farko, a ajiye shi a asusu na dabam, a riƙa karanta lissafi a gaban kowa sau biyu a shekara, a kuma sa mata cikin masu riƙon asusun. Matan da suka shekara ashirin suna adashi ba a taɓa jin kansu ba, ba za su kasa riƙe kuɗin fenti da famfo ba.

Abin da ya rage gare mu

Ba mu da ikon zana taswirar gari, amma akwai abin da kowane gida zai iya farawa da shi. Na farko, takardu. Mai haya ya nemi yarjejeniya a rubuce, ya adana rasit na kowane wata. Mai shago ko tebur ya adana shaidar harajin da yake biya, domin ranar ƙidaya wanda yake da takarda shi ake rubutawa. Mai fili ya bi sawun takardarsa ta ACD, wadda tun 2013 ita ce shaidar mallakar fili a cikin gari, kada ya tsaya a kan takardar cinikin da aka rubuta a zaure.

Na biyu, kunne. Kafin a amince da yanka fili ko wani babban aiki, akan buɗe binciken jin ra'ayin jama'a da ake kira “enquête de commodo et incommodo” a ofishin magajin gari, a ajiye littafi don mai ƙorafi ya rubuta. Sau da yawa wa'adin yakan ƙare ba wanda ya leƙa daga cikinmu. Kowace ƙungiya ta unguwa ta wakilta matasa biyu masu jin Faransanci su riƙa duba allon sanarwa, su kawo labari.

Na uku, asusu. Ƙungiyoyinmu na 'yan gari ɗaya sun ƙware wajen tara kuɗin kai gawa gida da na biki. Lokaci ya yi da za a buɗe asusu na biyu don muhallin masu rai. Gida 500, kowanne ya ajiye jika 5 a wata, miliyan 30 ke nan a shekara. Ba za ta gina bene ba, amma ƙungiya mai rajista da asusu da jerin sunayen mambobi, ita ce hukuma da masu gini suke ba kujera. A tafiyar da kuɗin ta banki da hannun “notaire”, da sa hannun mutum uku, don a toshe ƙofar zargi.

Na huɗu, muna kira ga attajiranmu da Allah Ya buɗa wa a wannan gari. Da yawa sun gina manyan gidaje a garuruwansu na asali waɗanda ba a kwana a ciki sai mako biyu a shekara. Ba laifi ba ne mutum ya tuna gida. Amma wakafin ɗaki goma a Adjamé ko Treichville, wanda marayu da zawarawa da ɗalibai za su riƙa shiga suna fita shekara da shekaru, sadaka ce mai gudana wadda ladanta ba ya yankewa. Malamanmu kuma su taimaka da bayanin hukunce-hukuncen wakafi a wuraren karatu, tare da masana dokar ƙasa, don abin da aka tsare ya tsaru a shari'a da kuma a gaban hukuma.

Na biyar, 'ya'yanmu. Cikin masu zana gidaje da masu auna ƙasa da masana tsara birane da lauyoyin filaye, mutum nawa ne namu? Yaro ko yarinyar da ke da kai a lissafi, a ƙarfafa musu gwiwa su bi wannan fanni. Al'ummar da ba ta da mai karanta taswira, sai dai a nuna mata inda za ta koma.

Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana. Kakanninmu sun iso wannan gari da ƙunshin goro da sandar kiwo, suka kafa wuraren da baƙo yake samun masauki da abinci da sana'a a rana ɗaya. Filayen tashoshin nan su ne kusan sarari na ƙarshe da ya rage a tsakiyar Abijan, kuma ƙasa ba a sake haihuwarta. Tun ran gini ake zane. Wanda yake da shawara ko gyara a kan wannan batu, ƙofar zauren a buɗe take, ya aiko mana ta hannun masu raba wannan mujalla.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba kowane iyali matsuguni na halal kusa da abincinsa, Ya zaunar da wannan ƙasa da ƙasashenmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.